Jitar da Ba Ta da Ciki

Da aka ce wannan makon ni ke da fili, na yi niyyar kawo rubutu a kan yadda muka rage karatun littattafai, har na kai rabi. Sai na ajiye shi, domin akwai abin da ya fi shi tsaya mini a rai tun bara, kuma na san in ban rubuta shi yanzu ba zai dushe. Labarin jitata ne da kakana. Na san a cikinmu akwai waɗanda da jin kalmar kiɗa za su tsuke fuska. Ina girmama ra'ayinsu, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Malamai sun yi maganarsu, ni ban kai can ba. Abin da ya faru a ɗakina kawai zan faɗa.

Na fara jin kiɗan jitar Buzaye ne a Sakkwato, lokacin ina karatun difloma a fannin lantarki. Kusa da inda muke haya akwai wani Buzu mai gadi, kullum da daddare yana dafa shayi a ɗan kurfotinsa, wayarsa na gefe tana kiɗa. Shi ya tura mini waƙoƙin Tinariwen, da na Bombino na Agadas, da na Mdou Moctar. Daga baya na gano cewa Mdou Moctar a nan Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar, a shekarar 2008, kuma waƙoƙinsa sun fara yaɗuwa ne daga waya zuwa waya, kamar dai yadda suka iso ni. Na kuma ji cewa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke, a gidan da ba a son kiɗa. Da na ji haka sai na ce ashe ba daga wata duniya abin ya zo ba, maƙwabcinmu ne.

Da kuɗin gyaran fanka da caja da nake yi wa ɗalibai na sayi tawa. Tsohuwa ce, na hannu, kwaikwayon samfurin Stratocaster wanda kamfanin Fender ya fitar a 1954. Wani saurayi da zai bar gari ya sayar mini da ita, haɗe da wata 'yar amfilifaya wadda lasifikarta ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Da na gama makaranta na naɗe jitar cikin bargo, na sa ta a bayan mota, muka bi ta Boɗinga da Shagari har Tambuwal. Duk tafiyar nan ta kusan kilomita 100 tunani ɗaya nake yi: me zan ce wa Baba?

Wanda ya san Tambuwal ya san ba gari ne da yaro zai shiga gida da jita a kafaɗa yana fara'a ba. Garin Buhari ɗan Shehu ne, kuma gidanmu gidan almajirai ne. Baba ya dubi abin ya daɗe, sannan ya ce abu biyu. Na ɗaya, kada ƙararta ta wuce zaure. Na biyu, ranar da wani maƙwabci ya kawo ƙara, ranar za ta bar gidan. Bai ƙara ko kalma ba. Inna kuwa ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta tsaya tana kallon tsirkiyoyin fiye da yadda na zata. A lokacin ban gane dalili ba.

Matsalar da na tarar ba ta yatsu ba ce kaɗai. Yatsu suna koyo a hankali. Matsalar murya ce. Abin da nake ji a wayar Buzun nan yana da nauyi, yana da zagaye, kamar muryar dattijo mai ba da labari. Abin da ke fitowa daga ɗakina kuwa kamar ana kankare ƙanzo da cokali a gindin tukunyar ƙarfe. Ɗakin nawa shago ne a bakin zaure, daɓen siminti, rufin kwano ba silin. Ko na rage ƙara, sautin yana da tsini, yana huda bango. Ƙannena suka sa mata suna sauro.

Na yi ta bincike a intanet. Abin da nake nema Turawa suna kiran sa sauti mai ɗumi. Wannan ya ba ni dariya, domin mu nan in murya ta yi daɗi cewa muke tana da sanyi. Mutumin da ya sha ranar watan Afrilu a Tambuwal ba zai yabi abu da ɗumi ba. Su sanyi ke damun su, mu rana ke damun mu, kowa ya ɗauki sunan abin da ke kwantar masa da rai ya ba muryar da yake so. Amma abin ɗaya ne: a rage tsinin sama, a bar nauyin tsakiya da na ƙasa su fito. Yawancin shawarwarin da na gani kuwa na sayayya ne. Sayi wannan amfilifaya mai kwalabe, sayi wancan akwatin takawa, canja kaza da kaza. Da na juya farashin zuwa naira sai na rufe wayar.

Ana cikin haka, bayan girbi, aka kawo kakana na wajen uwa daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke da dangi a yankin nan da ya yi iyaka da Zamfara ya san halin da ake ciki. Dare ya daina zama na barci. Kawunnena suka matsa masa ya taho wurin 'yarsa har abubuwa su lafa. Ya zo da buhun gero ɗaya, da buzun sallarsa, da sanda. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakina.

Mutumin da na sani da barkwanci, mai tsokanata da ɗan boko tun ina ƙarami, sai ga shi ya zama kurma da gangan. Yana zuwa masallaci, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hanya. Tuwo kaɗan yake taɓawa. In Inna ta tambaye shi ko wani abu ke ciwo, sai ya ce lafiya lau. Na tura jitar ƙarƙashin gado, domin na san in ta dami surukin Baba, ko maƙwabta ba su kawo ƙara ba ta bar gidan.

Sati uku na daure. Wata ranar Alhamis da la'asar, na ga ya tafi masallaci, aka kuma kawo wuta, sai na jawo ta. Ban ji dawowarsa ba. Ina ɗaga kai na gan shi tsaye ya dogara sanda. Na yi sauri zan kashe, ya ɗaga hannu. Na ci gaba, jikina duk ya mutu. Da na tsaya sai ya ce:

"Wanga abu naka ba shi da ciki."

Na ce, "Kaka, ciki kamar yaya?"

Ya ce, "Ihu shi kai. Shi kau kiɗi magana na."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun zuwansa. Da daddare na tambayi Inna, ita ce ta faɗa mini abin da ba a taɓa faɗa mini ba. Da ƙuruciyarsa mafarauci ne, kuma shi ke kaɗa wa abokan farautarsa garaya. Ba gadonsa ba ne, sha'awa ce. Ya ajiye ta tun Inna na yarinya, da daji ya fara ƙarewa, aka kuma fara yi masa maganar girma ya zo. Ta ce har yanzu tana tuna sautin da daddare daga bayan danga.

Da ya ce ba ta da ciki, gaskiya ya faɗa ko ta fuskar ilimin da na karanta. Garaya, da gurmi irin na Haruna Uji, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da goge, duk suna da kogo da aka rufe da fata. Tsirkiya na girgiza, jakin da take kai ya miƙa girgizar ga fata, fata ta tura iskar da ke cikin kogon. Jitar lantarki irin tawa kuwa gungumen katako ce, ba kogo. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wasu abubuwa uku, masu sana'ar na kiran kowanne fikof, ni kunne nake ce masa. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, ita ce amfilifaya ke ƙarfafawa. Ke nan cikin da ba ta da shi, sai dai mutum ya gina mata shi da hannunsa, da maɓallanta, da ɗakin da yake zaune. Abin da muka shafe hunturu muna yi ke nan, ni da tsoho.

Abu na farko da ya gyara bai ci ko kwabo ba. Ya ga ina kaɗawa can ƙasa, dab da inda tsirkiyoyi suka ƙare. Ya sa sandarsa ya turo hannuna sama wajen wuya. Ya ce ko a garaya, wanda ya kaɗa a gindin jaki faɗa yake nema. Na gwada, sautin ya cika nan take. Dalilin kuwa shi ne tsirkiya ba girgiza ɗaya take yi ba. Tana lilo gaba ɗayanta, kamar igiyar shanya in yaro ya ja ta ya saki, wannan shi ke ba da asalin muryar. A lokaci guda kuma tana girgiza rabi-rabi, da kashi uku-uku, da ƙanana da suka fi haka, su ne ke ba da tsini. Kusa da ƙarshen tsirkiya babban lilon ba shi da faɗi, ƙananan ne ke rinjaye. In ka matso tsakiya sai babban ya yi rinjaye.

Wannan dalilin ne ya sa na gane amfanin ɗan makunnin nan mai matsayi biyar da ke jikin jitar. Tun da na saye ta yana ƙasa, a kan kunnen da ke kusa da jaki, wanda ya fi duka tsini. Ban taɓa matsar da shi ba, domin a nan ƙara ta fi fitowa, ni kuwa a lokacin ƙara nake ɗauka daɗi. Da na tura shi sama, kan kunnen da ke gindin wuya, Kaka ya gyaɗa kai ya ce, "To, ya hwara buɗa baki."

Na biyu shi ne ɗan robar kaɗawa. Wanda aka ba ni siriri ne, yana lanƙwasa, kowane bugu sai ya yi ƙas. Kaka ya karɓa ya murza shi a yatsu, ya jefar a kan katifa. Washegari ya sa ƙanena ya samo masa wani tsohon takalmin fata, ya yanko ɗan guntu da wuƙa, ya goge bakinsa a jikin siminti har ya yi sumul. Da shi sautin ya yi laushi. Da ɓangaren naman babban yatsa kuma ya fi haka laushi. A nan na ba shi labarin wani Baƙar fatar Amurka, Wes Montgomery, mutumin birnin Indiyanafolis wanda ya rasu a 1968. Da rana yana aikin ƙarfi don ciyar da iyali, sai da dare yake samun lokacin koyo. Don kada ya dami mutanen gida da maƙwabta, sai ya ajiye robar ya koma kaɗawa da babban yatsa a hankali. Wannan lallaɓawar ita ta zama muryar da duniya ta san shi da ita, har yau masu jita na ƙoƙarin kwaikwayon ta. Kaka ya yi dariya, dariyarsa ta farko a gidanmu, ya ce ashe can ma akwai Malam, yana nufin Baba.

Na uku shi ne inda na yi wauta, kuma ilimin boko ne ya kai ni. A jikin jita akwai maɓallan murɗawa, ɗaya na ƙara, sauran na launin murya. A bayan na muryar akwai ɗan kafasita. Aikinsa shi ne ya buɗe wa tsinin sauti hanya ya zube ƙasa kafin ya kai amfilifaya, kamar yadda ake yanke wa ruwa hanya a fadama. In ka murɗa maɓallin baya, tsini ya ragu. Girman kafasitan ke nuna yawan abin da zai kwashe. Da na buɗe tawa na tarar da mai lamba 0.022. Na ce ai ga maganin nan a hannuna. Na tono wani mai lamba 0.1 daga cikin tsohuwar rediyo, na liƙa shi da dalma, na murɗe maɓallin har ƙarshe, na kira Kaka ya zo ya ji aikin injiniya.

Ya saurara, ya ce, "Da ihu shi kai, yanzu kau ka cika mishi baki da tuwo."

Haka ne kuwa. Tsinin ya tafi, amma ya tafi da harafin maganar. In na kaɗa tsirkiya uku tare sai su dunƙule su zama gunaguni, ba ka bambance wannan da waccan. A ranar na gane kuskuren da na daɗe ina yi: na ɗauka sanyin murya shi ne rashin tsini gaba ɗaya. Kaka ya tuna mini cewa a kan gorar garaya har wasu 'yan ƙarafa ake ɗaurawa don su riƙa ƙara in an kaɗa. Nauyin yana nan a ƙasa, 'yar ƙarar tana bisa kamar yaji a kan tuwo. In ka cire ta duka, abin ya yi lami. Na sake buɗewa na sa mai lamba 0.047, na tsayar da maɓallin wajen 5 ko 6. Na kuma lura cewa in na rage maɓallin ƙara na jikin jitar zuwa 7, na ƙaro daga amfilifaya, tsinin yana ɗan lafawa da kansa. A amfilifayar ma na rage tirebul, na ɗaga na tsakiya, bes kuwa na bar shi daidai, domin ƙaramar lasifika in ka matsa mata da bes sai ta riƙa kakari.

Na huɗu shi ne ɗakin kansa. Wata rana Kaka ya ce a can gida, ɗakin ƙasa mai rufin azara shi ke yi wa garaya rabin aiki. Siminti da kwano kuwa duk abin da ka jefa musu sai su maido maka. Na duba, gaskiya ne. Bango mai tauri da santsi yana mayar da tsinin sauti, abu mai laushi yana shanye shi. Muka shimfiɗa tabarma biyu da darduma, na rataye bargon da na naɗo jitar da shi a bangon da ke fuskantar lasifika, in zan kaɗa kuma sai in jingine katifata a ɗaya bangon. Amfilifayar da nake ɗorawa a kan tebur tana kallon fuskata, na sauke ta ƙasa kusa da bango, na ɗan karkatar da ita. Tsinin sauti miƙewa yake yi daga tsakiyar lasifika kamar hasken tocila, in ka kauce masa kaɗan ba ya soke maka kunne, kusantar bango da ƙasa kuma na ƙara nauyi. Ribar da ban zata ba ita ce, da muryar ta cika, sai na daina jin buƙatar ƙara ƙarfi. Ƙarar da ke fita zaure ta ragu da kanta.

Na biyar, hunturu ya koya mana. Iskar ta busar da katakon wuyan, har bakin ƙarafan da ke jere a kansa suka fara kartar hannu, tsirkiyoyi kuma suka riƙa saki. Kaka ya ce haka fatar garaya take, da damina ta saki, da hunturu ta ɗaure, mai kiɗa ne ke bin ta. Ya ce in daina ja mata wuya. Na sassauta duka tsirkiyoyi shida da rabin mataki, suka yi laushi a yatsa, muryar ta ƙara zurfi. Na kuma fasa sayen sababbi da nake ta tara wa kuɗi. Sabuwar tsirkiya tana da ƙyalli a kunne, wadda ta ɗan kwana biyu ta fi kwanciya. Abin da nake yi kawai shi ne goge su da tsumma bayan kowane kiɗa saboda ƙura da gumi, in ba haka ba tsatsa ta cinye su.

Akwai abu ɗaya da ban iya kawar da shi duka ba, wato gurnanin lantarki. Wutarmu a Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kunnen jita irin tawa mai naɗi ɗaya kuwa yana tsintar wannan kamar eriya. Tun a shekarun 1950 wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya yi maganin abin da kunne mai naɗi biyu masu soke gurnanin juna, kuma irin wannan kunnen muryarsa ta fi kauri. Ni ba ni da kuɗinsa. Abin da nake yi shi ne in cire cajar waya, in kashe fanka, in nisanci soket, in riƙa juyawa a kan kujera har in sami fuskar da gurnanin ya fi raguwa. In wutar janareta ce kuwa ba na ma farawa. Daga baya na haɗa amfilifayar da batirin sola, domin da ma irin mai cin wutar batir ce. A nan ne na fara jin shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Daren da ba zan manta ba ya zo wajen ƙarshen hunturu. Babu wuta, gari ya yi tsit, sanyi ya kori kowa ɗaki. Ina kaɗawa a hankali, Kaka na kwance ya juya baya. Sai ya tashi zaune ya ce, "Miƙo." Ya ɗora ta a cinya, ya karkace ta yadda ba a riƙe jita. Bai kula da tsirkiya huɗu ba, biyu kawai ya kama. Ɗaya ya bar ta tana amsawa ba ya taɓa ta da hagu, ɗayar kuma yatsunsa na tafiya a kanta. Da farko yatsun sun ƙi, ƙarafan wuyan suna tare shi, domin garaya ba ta da su. Ya yi tsaki, ya sake. Can sai abin ya zauna. Wani kiɗa ne mai tafiyar raƙumi, yana komawa inda ya fara, kowane zagaye da ɗan abin da ya canja. Na ji tsigar jikina ta tashi, domin da wanda nake ji a wayar Buzun nan da wannan, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na je Agadas da kunne ina neman abin da ke kwance a katifar da ke gefena.

Bai yi waƙa ba. Amma yana kaɗawa yana ambaton sunaye a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce mini abokan farautarsa ne, kuma a cikinsu shi kaɗai ya rage. Ya ambaci dazuzzuka da tafkuna, wuraren da ya ce da yana kwana a cikinsu shi kaɗai ba abin da yake tsoro sai kura, yanzu ko da rana ba mai shiga.

Ban san lokacin da Inna ta zo ba. Na dai ga inuwarta a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi. Bayanta kuma, can wajen zaure, na ji gyaran muryar Baba. Zuciyata ta faɗi. Amma ku da kuka san kunyar surukuta kun san Baba ba zai iya leƙowa ya ce wa mahaifin matarsa ya ajiye ba. Ya tsaya nan. Ban san ko kunya ce ta tsayar da shi ko saurare ba, har yau ban tambaya ba. Da safe muna dawowa daga masallaci ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Tsohon nan ya ci tuwo jiya?" Na ce ya ci, har ya nemi ƙari. Ya ce, "To." Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Kada in yi muku ƙarya, ra'ayin Baba a kan kiɗa bai canja ba, sharuɗɗansa biyu suna nan. Ni ma ban zama gwani ba, har yanzu yatsana na huɗu ba ya jin magana. Abin da ya canja shi ne, daga wannan daren Kaka ya dawo da tsokanarsa. Ya koma kira na ɗan boko mai cika wa jita baki da tuwo. Ya fara fita kasuwa, ya sami tsofaffin da suke zama tare a gindin wata bishiya.

Na yi tunani a kan wannan a matsayina na mai ɗan taɓa rubutu. Sau nawa muke kawo rubutu a taron ƙungiya, mun cika shi da manyan kalmomi da alamar motsin rai, muna jiran tafi? In aka ce ya yi ihu, sai mu koma mu kwashe masa duk wani kaifi har ya zama ba ya cewa komai. Na yi duka biyun a takarda kafin in yi su a jita. Tsohon da bai taɓa riƙe biro ba shi ya nuna mini su.

Da ruwan farko ya sauka, Kaka ya ce zai koma. Inna ta yi kuka, kawunnena suka yi ta waya, Baba ma ya aika a roƙe shi ya ƙara ko wata ɗaya. Ya ce gona ba ta san ana tsoro ba, in lokacin shuka ya wuce ya wuce. Na raka shi tasha da buzunsa da sandarsa. Da zai shiga mota ya ce in na zo da kaka, in taho da abin nan da batirinsa, akwai ɗakin ƙasa da zai nuna mata.

Yanzu yana can. Wayar ƙauyen sai an hau tudu take shiga, wani lokaci sai mu yi kwana huɗu ba mu ji daga gare su ba, kuma a irin waɗannan kwanaki ba wanda ke barcin kirki a gidanmu. Guntun fatar da ya yanka mini yana nan a aljihun rigata, ya yi baƙi saboda gumi. Wanda duk ke da jita a gida tana yi masa ihu, kafin ya kashe kuɗi ya gwada abubuwan nan: ya matso da hannu wajen wuya, ya koma kunnen sama, ya rage maɓallin murya zuwa rabi, ya sauke amfilifaya ƙasa, ya shimfiɗa tabarma. In kuma akwai tsoho a gidan, ya kaɗa inda zai ji.

Ina roƙon ku addu'a ga mutanen Kebbe da duk inda ake kwana da ido ɗaya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa a girbe abin da aka shuka.